Faya-fayan da Manu Ya Kai Maigatari

Juma'a, 6 ga Maris, 1998

Yau Malam Jethro, akawun asibiti, ya bar ni na zauna a kujerarsa, mai juyawar nan. Na buga sunana a kwamfuta, LAURATU, na goge, na sake bugawa. Ya ce yatsuna sun fara fin nasa sauri, bakina ne kawai ba ya aiki. To me zan ce?

'Yan layinmu sun ɗauka Sista Juliana ta ba ni aikin shara a asibitin fata ne don ta saba sayen ƙosan Goggo. Haka Goggo ta ce a ce. A nan kaɗai zan rubuta gaskiya. Akwai tabo a damtsena na hagu, fari-fari. Bara Sista ta ce in rufe ido, ta goga auduga a kai, ban ji komai ba. Kuturta. Wata shida ina shan magani a ɗakin baya, har fitsarina ya riƙa yin ja. An sallame ni. Sista ta ce na warke sarai, ba zan shafa wa kowa ba.

Je ka faɗa wa matan Gumel haka. Ni nake surfa wake, ni nake wankewa, ni nake kai niƙa. Ranar da suka ji kalmar nan, ranar za a daina tsayawa a gaban kaskon Goggo. Kuma ba ta da wata sana'a, ba ta da kowa sai ni.

Ba za su ji ba.

Litinin, 9 ga Maris

An ɗauke wuta tun safe, janareta kuma ba mai. Shara kawai. Na lulluɓe kwamfutar da tsohon zanen Sista na dawo.

Juma'a, 13 ga Maris

Duk Juma'a Malam Jethro yana kwafe sunayen marasa lafiya da maganin kowa a kan faifai, ɗan baƙin abin nan mai kusurwa huɗu da ake tura wa kwamfuta a baki. Ya ce kwamfuta kamar jaki take, ranar da ta ga dama sai ta kwanta. Biyu yake yi. Ɗaya a akwatin ƙarfe, ɗaya a jakar Sista ta tafi da shi gida, ko da gobara ko ɓarayi.

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi, to in aka sace jakar Sista fa? Ya dube ni kamar bango ne ya yi magana. Sai ya ce zo ki gani. Kafin ya kwafe, yana dunƙule komai wuri ɗaya ya kulle da kalmar sirri. Ya buɗe mini kullallen ba tare da kalmar ba. Wallahi ba abin da ake karantawa, kamar sawun kaji a rairayi. Ya ce ko ɗan jami'a ya tsinci faifan nan sai dai ya yi fifita da shi.

In zai buga kalmar sai ya ce, "Laure, dubi bango." Ina duban bango.

Sunana yana ciki. Ya sani, tunda shi ya buga. Bai taɓa nuna ya sani ba. Shi ya sa nake goge masa tebur sau biyu.

Talata, 17 ga Maris

Sababbin faya-fayai sun zo daga Kano, a kwali. Manu direba ya ga tsofaffin a kan tebur, na bara, tun kafin Malam ya fara kullewa. Ya ce, "Malam, waɗannan fa? In zubarwa za a yi ga bola a tsaye." Yana nuna aljihunsa. Malam ya yi dariya, ya saka su ɗaya bayan ɗaya ya goge abin da ke kai, ya nuna masa: babu komai. Manu ya ɗaure su da roba ya tafi.

Manu ba mugu ba ne. Amma ko gwangwanin madara ba ya wuce shi.

Alhamis, 19 ga Maris

Sista ta tafi taro Kano, daga nan ta wuce Jos ganin mamarta. Sai bayan Babbar Sallah. Ta kawo mini man shafawa kafin ta tafi, ta ce in daina sa riga mai dogon hannu a zafin nan. Na ce to. Ba zan daina ba.

Talata, 24 ga Maris



Malam Jethro ya goge rahoton wata bisa kuskure. Ya ce wayyo Yesu, ya dafe kai. Sai kuma ya ce a'a, tsaya. Ya buga wasu haruffa, kwamfutar ta yi ƙugi kaɗan, ga rahoton ya dawo cif, ba abin da ya ɓace. Yana ta murna. Ya ce, "Kin gani? Gogewa ba gogewa ba ce. Kamar ki cire lambar ƙofar gida ne, mutanen suna ciki a zaune. Sai an zuba wasu a kansu suke tafiya."

Na ce, Malam, na Manu fa?

Murnar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya zauna. Sannan ya ce a hankali, "Na sani fa. Na san wannan tun a makaranta. Me ya shiga kaina?"

Ni ban damu da abin da ya shiga kansa ba. Tsofaffin nan ba kulle. Sunana, sunan Goggo, layinmu, ciwon. A fili.

Laraba, 25 ga Maris

Manu ya sayar da su a Maigatari. Wa ya saya? Ɗantsoho, mai shagon buga takardu a bakin kara, kasuwar dabbobi. Mijin Safara'u. Safara'u da gidan ubanta ke kallon namu, wadda in ta zo ganin gida kafin ta cire mayafi layi ya san abin da aka dafa a Maigatari.

Kuma Ɗantsoho ya yi kwas a Kano. Shi ne mai cewa ba abin da kwamfuta za ta ɓoye masa.

Duk garuruwan duniya, sai Maigatari. Duk shagunan Maigatari, sai nasa.

Juma'a, 27 ga Maris

Malam ya aiki Manu jiya ya karɓo su. Ya dawo hannu biyu. Wai Ɗantsoho ya ce ciniki ya faɗa, kuma me ke ciki da har asibiti ke aiko mota? Wai yanzu kasuwar raguna ta sha masa kai, amma bayan Sallah zai zauna ya tashe su ya gani.

Da ba a aika ba ma da ya fi.

Na ce wa Malam ni zan je. Ya ce, "Ke? Ba aikin yara ba ne. A jira Sista." Na ce Sista sai bayan Sallah. Ya ce ya rubuta mata, ya ba direban Jos. Na ce shi ma Ɗantsoho bayan Sallah ya ce. Ya ɗaga murya, karo na farko: "Lauratu, na ce a'a."

To. Shi ya ce a'a. Ba sunansa ne a ciki ba.

Asabar, 28 ga Maris

Ban ci tuwo ba.

Lahadi, 29 ga Maris

Na gaya wa Goggo. Ba ta gane faifai ba, ba ta gane yadda abin da aka goge ke dawowa ba. Na ce kamar allo ne da aka wanke, amma wani ya iya karanta inuwar tawada. Ta ce to wannan ta gane. Ta ce, "Mijin Safara'u?" Na ce shi. Ta ajiye matankaɗi. Ta daɗe tana kallon kaskonta da ke kife a jikin bango.

Na ɗauka kuka za ta yi, ko faɗa. Sai ta ce, "Wakenmu ya kusa ƙarewa. Alhamis za mu Maigatari."

Buhu na nan kusan rabi. Na gani da idona.

Laraba, 1 ga Afrilu

Na ce wa Malam gobe ba zan zo ba, zan raka Goggo sayen wake. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na yi ta gwada abin da zan faɗa a gaban randa. Ko randar ma ban iya kallo ba.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Bari in rubuta duka kafin in manta.

Motar ta cika har kan rufinta, wani ya ɗora mini ƙafar ɗan akuya a cinya tun daga Gumel. Maigatari kuwa ba masaka tsinke. Raguna daga Nijar, manya kamar maruƙa, raƙuma, manyan motoci a jere suna jiran lodin Kudu. Shagon Ɗantsoho ɗan akurki ne na kwano, janareta na ihu a baya. Maza sun yi dafifi a ƙofa, kowa na son a buga masa takardar dabbobinsa kafin motarsa ta tashi. Yaron da ke buga masa ya gudu gida Sallah. Ɗantsoho ne shi kaɗai, da yatsa biyu, gumi har gemu.

Goggo ta yi sallama suka gaisa, ya gida, ya Safara'u, ya yara. Sai ta matsa gefe ta bar ni a tsaye. Haka kawai. Na ji kamar in nutse.

Na ce faya-fayan da Manu ya kawo. Bai ji ba. Wani dillali ya ce, "Ɗaga murya, 'yan mata, ba a gidan surukai kike ba." Aka yi dariya. Na sake faɗa, da ƙarfi har na tsorata kaina.

Ɗantsoho ya ce, "Ikon Allah. Jiya direba, yau mai shara, gobe sai likita da kansa. Wai me ke cikin abin nan ne?"

Duk ƙaryar da na shirya a gaban randa ta gudu. Na ce sunayen marasa lafiya ne.

"Akwai wanda na sani?"

Na ce ko akwai, ba naka ba ne.

Wani tsoho ɗan Damagaram mai rawani, yana zaune a kan buhu, ya ce, "Kai mai shago, ɗiyar ga ta hi ka gaskiya." Ɗantsoho ya ɓata rai, ya ce shi da kuɗinsa ya saya, ba sata ya yi ba. Gaskiyarsa ce kuma.

Na dubi layin mutanen, na dubi yatsunsa biyu. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce tashi in buga maka har la'asar, ka ba ni su.

Dariyar da aka yi! Wani ya ce wannan 'yar mitsitsiyar, a sa mata bulo ta kai tebur. Ɗantsoho ya tashi don a ƙara dariya, ya ce bismilla, Hajiya sakatariya. Na zauna. Takarda ta farko na yi kuskure a sunan mutum. Ta biyu ban yi ba. Daga ta huɗu ba wanda ya ƙara dariya, sai "ni ne na gaba", "a'a wallahi na riga ka". Raguna kaza, shanu kaza, daga wuri kaza zuwa Legas, zuwa Fatakwal. Suna ihu a kunnena, warin dabba da taba. Kwanon shagon kamar tanda. Rigata ta jiƙe sharkaf. Ɗantsoho ya ce ki naɗe hannun rigar mana kada ki suma mini a shago. Na ce haka nake so.

Goggo tana bakin ƙofa a kan tabarmar mai goro, ba ta sayi wake ko ƙwaya ba.

Da aka kira la'asar ya jawo akwati ya miƙo mini su, da robar Manu a jiki. Ya ce in na gaji da shara ga aiki. Na duba. Na san su, ni nake share ƙurarsu, kowanne da rubutun Malam a goshi. Na watan Yuli babu.

Yuli aka fara ba ni magani.

Ya ce, au, wannan. Wani abokinsa ɗan duwan, ma'aikacin kan iyaka na can Nijar, ya zo neman takardun shige da fice, ya zuba masa a kai ya ba shi. Ya tsallaka tun satin jiya. Na ce ka cika shi? Ya ce har sai da kwamfuta ta ce ba wuri. Na ce ka rantse. Ya ce, "Ke wai wace irin yarinya ce?" Amma ya rantse.

A mota Goggo ta saya mini rake.

Juma'a, 3 ga Afrilu

Bayan an gama suyar safe, Goggo ta sauke kasko ta rufe mai, ta ce kada in kuskura warin roba ya shiga mata ƙosai. Na sa faya-fayan a turmi na daka. Ashe abin da ke ciki ɗan baƙin leda ne kawai, zagayayye, siriri kamar ganyen albasa. A kan wannan na kwana tara ba barci. Na zare su ɗaya ɗaya na sa a garwashi. Suka nannaɗe, suka yi ƙauri, shi ke nan.

Goggo ta tona tokar da itace ta ce, "To tashe su mu gani, ɗan Kano."

Na kai wa Malam fasassun ɓawon a leda na ajiye a teburinsa. Ya ƙirga da ido. Na gaya masa na Yuli. Ya ce in da gaske an cika shi, abin da ke ƙasa ya tafi, ba mai dawo da shi. Na ce in ba a cika ba fa? Ya ce, "Ban sani ba, Laure. Ba zan yi miki ƙarya ba." Sai ya ce in yafe masa. Babban mutum, da furfura. Na ɗauki tsintsiya na fita.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Wani lokaci sai in ga faifan yana tafiya a aljihun wani mutum a Damagaram. To ya tafi. Wa ya san Lauratu a Damagaram?

Juma'a, 10 ga Afrilu

An yi Sallah. Safara'u ta zo ganin gida. Ta tsaya a gaban kaskon Goggo. Ta ce, "Ashe ke ce kika je kika yi wa maigidana tsiwa a gaban mutane? Wai kin fi shi iya injin." Ta sayi ƙosai, ta ce a ƙara mata yaji. Ta ci biyu a tsaye.

Talata, 14 ga Afrilu

Sista ta dawo. Ta rufe ƙofa da Malam da Manu, ina jin muryarta har bakin rijiya. Yanzu doka: tsohon faifai ba ya fita daga asibiti. Ko a bi shi da sifiri daga farko har ƙarshe, akwai abin da ke yin haka a kwamfutar, ko a fasa a ƙona. Manu ya daina amsa gaisuwata. Ya ce wa mai gadi wai na zama likita. Ya ji da shi.

Da ta kira ni na ɗauka godiya za ta yi. Faɗa ta fara yi, yarinya a cikin dillalai, in wani abu ya same ni fa. Na bari ta gama. Sannan na ce ina da roƙo. A cire sunana daga kwamfutar gaba ɗaya, a bi wurin da sifiri. Na warke, me ake ajiye ni a ciki?

Ta ce a'a. Wai in bayan shekaru wani tabo ya fito, ita ba ta nan, Malam ba ya nan, wanda ya zo dole ya san abin da na sha da tsawon lokacin. Na ce ba zai fito ba. Ta ce in Allah ya yarda, amma a'a.

Na ce to ni ban yarda da kullen da ban san mabuɗinsa ba.

Ni na faɗi haka. Ga Sista.

Ta dube ni, ta dubi Malam.

Juma'a, 17 ga Afrilu

Yau ba a ce in dubi bango ba.

An canza kalmar sirri. Doguwa ce, mu uku muka haɗa ta, kowa ya kawo guntu. Ba a rubuta ta ko'ina ba, kuma ba zan rubuta a nan ba, ko Goggo ba za ta ji ba. Daga yau kwafin Juma'a ni zan riƙa yi, Malam yana duba ni. In dunƙule, in kulle, in kwafa biyu, in buɗe kowanne in tabbatar ya kwafu. Ɗaya akwati, ɗaya jaka.

Sista ta ce, "Yanzu ba sirrinki kaɗai kike riƙe da shi ba." Na gani. Akwai sunaye daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar, daga ƙauyukan da ban taɓa ji ba. Akwai guda biyu daga layinmu. Ɗaya tana sayen ƙosai kullum, da mayafi har yatsu. Ban taɓa lura ba.

Ban ga komai ba. Haka zan ce har in mutu.

Amma maganar cire sunana tana nan. Yanzu na san yadda ake yi. Ba sai na roƙi kowa ba.

Juma'a, 24 ga Afrilu

Malam ya tafi banki, Sista tana ɗakin baya da mara lafiya. Ni kaɗai da kwamfuta, ga wuta. Na buga kalmar. Na nemo shafina.

Ga ni nan. Lauratu, gidan Goggo mai ƙosai. Tabo ɗaya, damtsen hagu. Ta sha wata shida ba fashi. Ta warke.

Ban san ya rubuta ba fashi ba.

Na daɗe yatsana a kan maɓallin gogewa. Sai na ga ya sa shekarata goma sha uku. Sha huɗu ce, tun watan azumi. Na gyara. Ai ba a gogewa da kuskure a ciki, wata Juma'ar zan goge. Na dunƙule, na kulle, na kwafa biyu, na duba. Ɗaya akwati, ɗaya jaka.

Da yamma ina wanke wake a tsakar gida, Goggo ta tsaya tana kallona har na ce mene ne. Ta ce ba komai, ta wuce.

Hannun rigar ne na naɗe. Zafi ne ya yi yawa, ba wani abu ba.